Inzayim ɗin da ke tsare ƙoda daga kotisol

A shekarar 1987 masu bincike a Cibiyar Salk da ke Kalifoniya, ƙarƙashin Ronald Evans, suka gano ƙwayar gadon da ke ƙera makarɓin aldosteron a jikin ɗan Adam, wato furotin ɗin da ke karɓar saƙon wannan homon mai sa ƙoda ta riƙe gishiri. An daɗe ana jiran wannan aiki, sai dai ya zo da abin ɗaure kai. Da aka gwada makarɓin a ɗakin gwaji, sai ya zamana ba ya bambanta aldosteron da kotisol. Duk wanda ya iso gare shi cikin su biyun, riƙe shi yake yi da ƙarfi kusan ɗaya. Ga wanda ya san aikin waɗannan homon biyu, wato sinadaran da ke kai saƙo ta cikin jini, abu ne da bai kamata ya yiwu ba, domin in haka ne, da babu mahalukin da zai tsira daga mummunan hawan jini.

Ga dalili. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan nama da ake kira adirinal. Ɓawonsa na waje ne ke sarrafa kolestirol ya fitar da homon ɗin da ake ce wa siteroid, kuma kotisol da aldosteron duk daga nan suke fitowa. Aikin aldosteron kusan guda ne: ya je ƙarshen bututun ƙoda ya ba da umarnin a riƙe sodiyam, wato sinadarin gishiri, a zubar da fotasiyam cikin fitsari. Ruwa kuwa gishiri yake bi, don haka sai jini ya ƙaru, ƙarfinsa a jijiyoyi ya hau. Jiki na sakin aldosteron ne idan ya ji ruwa ko gishiri ya yi ƙasa, kamar bayan gudawa, ko zubar jini, ko doguwar tafiya cikin rana. Shi kuwa kotisol babu inda ba ya shiga. Yakan tashi da sassafe ya sauka da dare, yana ɗaga sukari a jini, yana danne kumburi, kuma yana ƙaruwa lokacin ciwo, yunwa ko tashin hankali.

Homon ba ya komai sai ya sami makarɓinsa, wato furotin ɗin da ke cikin ƙwayar halitta wanda zai kama shi ya isar da saƙonsa. To a jini, kotisol ya ninka aldosteron sau 100 zuwa 1000. Gaskiya ne mafi yawansa, wajen kashi 90 cikin 100, a ɗaure yake da wasu furotin ba ya aiki, amma ko ɗan abin da ya rage a sake ya ninka aldosteron kusan sau 100. Idan makarɓi ɗaya suke nema kuma bai fifita kowa ba, ai kotisol ne zai cika shi dare da rana. Ƙoda za ta riƙa jin umarnin riƙe gishiri ba ƙaƙƙautawa, aldosteron kuma ya zama ba shi da ta cewa. Amma ba haka ake gani a jikin mai lafiya ba. Ƙoda na sauraron aldosteron, tana yi wa kotisol kunnen uwar shegu.

Amsar ta fito a 1988 daga wurare biyu da ke nesa da juna: Christopher Edwards da Paul Stewart da abokan aikinsu a Edinbara, da kuma John Funder da nasa mutanen a Melbon ta Ostireliya. Dukansu sun nuna cewa zaɓen ba a makarɓi ake yinsa ba. Akwai wani inzayim, wato furotin mai sauya wani sinadari zuwa wani, cikin ƙwayoyin halittar nan na ƙoda da ke tare kotisol kafin ya isa, ya mayar da shi kotizon, wanda makarɓin ba ya iya riƙewa. Sunansa 11-beta-HSD2, amma za mu riƙa ce masa HSD2 don sauƙi. Kamar maigadi ne a zaure: mai gidan zai karɓi duk wanda ya shigo, shi ya sa aka ajiye wanda zai tare baƙon da ya fi kowa yawan zuwa tun daga ƙofa.

Abin da inzayim ɗin ke yi ɗan ƙanƙani ne ainun idan aka duba shi ta fuskar sinadarai. Kowane siteroid yana da ƙashin baya na zobba huɗu na kabon, kuma an bai wa kowane kabon lamba. A kan kabon na 11 na kotisol akwai oksijin ɗaure da haidirojin. HSD2 na cire haidirojin biyu daga wannan wuri, ya miƙa wa wani sinadari mai taimaka masa da ake kira NAD, sai oksijin ɗin ya koma ɗaure da kabon da ɗauri biyu. Wannan cirewar ce masana ke kira oksideshan. Kotisol na da kabon 21, haidirojin 30, oksijin 5. Kotizon na da kabon 21, haidirojin 28, oksijin 5. Bambancin ke nan kaf, amma ya isa ya kashe saƙon.

Mai karatu zai iya tambaya: ai aldosteron ma yana da oksijin a kan kabon na 11, me ya hana inzayim ɗin ya taɓa shi? Dalilin shi ne aldosteron na da wani reshe a kan kabon na 18, wanda ke lanƙwasowa ya haɗe da oksijin ɗin na 11 su yi wani ƙaramin zobe. Wurin da HSD2 zai kama ya rufe ke nan, sai aldosteron ya wuce salin alin. Ba a ƙoda kaɗai ake samun wannan tsari ba. Yana nan a babban hanji, da wuraren da ke fitar da yawu da gumi, wato duk inda jiki ke tsimin gishiri. Shi ya sa idan aka auna yawu, kotizon ya fi kotisol yawa, akasin yadda yake a jini.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan shi ne, hujjojin sun riga tambayar zuwa da shekaru masu yawa, ba a dai san inda za a ajiye su ba ne.

Hujja ta farko yara ne marasa lafiya. A 1977 likitar yara Maria New a birnin Niyok ta ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara uku daga ƙabilar Zuni, cikin asalin mazauna Amurka. Jininta ya hau ƙwarai, fotasiyam ɗinta ya faɗi, duk alamun mai aldosteron fiye da kima. Da aka auna, aldosteron ɗin ma ƙasa yake. Aka yi ta neman wani ɓoyayyen homon mai riƙe gishiri, ba a samu ba. Stanley Ulick, wanda suka yi aiki tare, shi ya lura cewa fitsarin irin waɗannan yara na cike da ragowar kotisol, ragowar kotizon kuwa kaɗan ce. A mai lafiya su biyun kusan kunnen doki suke yi. Aka raɗa wa ciwon suna AME, ma'ana ciwon da ke kama da yawan homon mai riƙe gishiri alhali ba shi ba ne. Yaran sukan zo duniya ba nauyi, ba sa girma yadda ya kamata, suna yawan shan ruwa da yawan fitsari, wasu kuma bugun jini ko tsayawar zuciya kan ɗauke su tun suna ƙanana.

A Edinbara aka sami wani matashi mai wannan ciwo, aka yi masa gwajin da ya warware zare. An ba shi deksametason, maganin da ke sa jiki ya daina ƙera kotisol nasa. Sai gishiri ya fara fita, fotasiyam ya dawo, jini ya sauka. Da aka sake ba shi kotisol, komai ya koma yadda yake. Ashe ɓoyayyen homon ɗin da ake ta nema kotisol ne na yau da kullum. A 1994 aka gano ƙwayar gadon inzayim ɗin, tana kan kuromozom na 16, kuma a 1995 aka tabbatar da lahani cikinta a jikin masu AME. Sai yaro ya gaji lahanin daga uwa da uba duka biyun kafin ciwon ya bayyana, shi ya sa aka fi ganinsa a gidajen da ake auren zumunci. Ciwo ne da ba kasafai ake haɗuwa da shi ba ko a can ɗin. Ana magance shi da rage gishiri, ƙarin fotasiyam, da magunguna irin su sipironolakton da ke toshe makarɓin. An kuma ga wanda aka yi wa dashen ƙoda ya rabu da ciwon gaba ɗaya, abin da ya nuna cewa a ƙodar matsalar take.

Hujja ta biyu ta fi ta farko tsufa, kuma ita ce ta shafi mutane da yawa. Saiwar likoris, wadda masu harkar magungunan Larabawa suka sani da irƙus-sus, tana ɗauke da wani sinadari mai suna gilisirizin da ya ninka sukari zaƙi sau 30 zuwa 50. A 1946 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Revers ya lura cewa masu gyambon ciki a garin Heerenveen suna samun sauƙi da wani haɗi na likoris da mai kantin magani ke sayar musu. Da ya fara ba nasa majinyatan, gyambon ya lafa, amma wasunsu suka kumbura, ga ciwon kai, ga numfashi sama-sama. Shekaru da dama ana ɗauka cewa likoris ɗin ne da kansa ke kwaikwayon aldosteron. Amma tun 1953 Borst da abokan aikinsa a Amsadam suka ga wani abu da bai dace da wannan zato ba: masu ciwon Addison, waɗanda adirinal ɗinsu ya mutu, likoris ba ya sa su riƙe gishiri sai an haɗa musu da kotizon. Wato likoris shi kaɗai ba ya komai, sai jiki na da kotisol. An rubuta wannan, an ajiye, an wuce.

Sai a 1987 Stewart da Edwards suka ba wasu masu lafiya likoris suka auna fitsarinsu, suka ga ya ɗauki kamannin na masu AME. Abin da ke faruwa shi ne, bakteriyar hanji na farfasa gilisirizin ya zama wani asid, asid ɗin ya shiga jini ya je ƙoda ya toshe HSD2. Duk mai yawan shan likoris yana jawo wa kansa ƙaramin AME na wucin gadi ne.

Ba kuma abin wasa ba ne. A 2020 mujallar likitoci ta New England ta kawo labarin wani ma'aikacin gini ɗan shekara 54 a jihar Masachusets, wanda ya yi 'yan makonni yana shan fakiti ɗaya da rabi na baƙar alawar likoris kowace rana. Ya yanke jiki ya faɗi a wani gidan abinci, aka tarar fotasiyam ɗinsa ya yi ƙasa matuƙa, zuciyarsa ta rikice, bai tashi ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa mai shekara 40 zuwa sama, in ya riƙa shan kimanin giram 57 a rana har mako biyu, bugun zuciyarsa na iya rikicewa. Kwamitin kimiyyar abinci na Tarayyar Turai kuma ya ba da shawarar kada a wuce miligiram 100 na gilisirizin a rana. Matsalar ita ce ba a alawa kaɗai yake ba. Yana cikin wasu ganyen shayi na magani, da magungunan tari, da tabar taunawa, da kuma jiƙon irƙus-sus da ake sha lokacin buɗa-baki a Masar da Sham. Mai hawan jini da ke shan maganin sa fitsari, wanda dama yana zubar da fotasiyam, shi ya fi kowa shiga haɗari. Kuma ko an daina sha, jiki ba ya komawa daidai washegari. Yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye da haka.

A nan ne ya kamata a tsaya a kula da wani abu da ke rikita har likitoci. Mai AME ko mai yawan shan likoris, idan aka auna kotisol a jininsa, daidai za a same shi. Dalili kuwa, da yake ƙoda ba ta kashe kotisol da sauri, yana daɗewa a jini, sai fituwitari, 'yar gaɓar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai ba adirinal umarni, ta ji ya wadata ta rage umarnin ƙera sabo. Lissafi ya daidaita a jini, amma cikin ƙwayoyin ƙoda kotisol ya yi ambaliya. Takardar gwajin jini za ta ce lafiya lau, aldosteron ƙasa, ga mutum kuma jininsa na hawa, ƙafafunsa ba ƙarfi. Ƙarfin homon ba a yawansa cikin jini kaɗai yake ba, kowace gaɓa tana da hanyar rage shi ko ƙara shi a cikin gida. Shi ya sa a irin wannan hali fitsari ake aunawa, a kwatanta ragowar kotisol da ta kotizon. Kafin ma a kai ga wannan gwaji mai tsada, tambayar majinyaci abin da yake sha da abin da yake tsotsa ta kan gama aikin.

Akwai wasu hanyoyin da tsaron ke karyewa. A wani nau'in ciwon Kushin, wato ciwon yawan kotisol a jiki, musamman wanda wasu kansar huhu ke haddasawa, kotisol kan yi yawan da inzayim ɗin ba zai iya da shi ba ko da lafiyarsa ƙalau, sai rarar ta wuce. Wasu magungunan fangas ma, irin su itirakonazol da fosakonazol, suna danne shi.

Wurin da HSD2 ya fi yin aiki mai ban mamaki bayan ƙoda shi ne mabiyiya. Mai juna biyu kotisol ɗinta na hawa sosai, musamman a watannin ƙarshe, ga shi kuma yana ratsa fatar ƙwayoyin halitta cikin sauƙi. Da zai isa ga ɗan tayi yadda yake, da ya tauye masa girma, domin kotisol na sa gaɓoɓi su daina yaɗuwa su fara nuna. Fatar mabiyiya da ke fuskantar jinin uwa cike take da HSD2, wanda ke kashe mafi yawan kotisol ɗin, har ya zama abin da ke jinin ɗan tayi bai kai na uwar ba da ninki biyar zuwa goma. Jonathan Seckl a Edinbara ya nuna a ɓeraye cewa idan aka toshe inzayim ɗin lokacin ciki, 'ya'yan sukan zo ƙanana, kuma idan sun girma jininsu da sukarinsu kan hau.

A mutane, binciken da aka fi ambata daga Finlan yake, ƙasar da ake son likoris ƙwarai. An bi yaran da aka haifa a Helsinki a 1998, aka kwatanta waɗanda iyayensu mata suka sha gilisirizin miligiram 500 ko fiye a mako da waɗanda suka sha kaɗan ko ba su sha ba. Na rukunin farko an fi haifarsu da ɗan wuri, kuma daga baya makinsu a wasu gwaje-gwajen fahimta ya ɗan yi ƙasa. Irin wannan bincike na bibiya ba ya iya yanke hukunci ɗari bisa ɗari cewa likoris ne sila, amma ya ishi hukumar lafiya ta ƙasar ta sa shi cikin abubuwan da ba a so mai ciki ta sha a 2016. A ganina sun yi daidai, domin barin alawa na wata tara ba asara ba ce.

Likitocin haihuwa na amfani da wannan sani kullum, ko da ba su ambaci sunan inzayim ɗin ba. Idan uwa ake son yi wa magani, misali asma ta tashi, firedinisolon ake zaɓa, domin mabiyiya na kashe mafi yawansa kafin ya kai ga ɗan. Idan kuwa ɗan ake nufi, kamar lokacin da naƙuda ta zo da wuri ana so huhunsa ya nuna, sai a yi wa uwar allurar deksametason ko betametason, waɗanda HSD2 ba ya iya kashewa sosai. Liggins da Howie ne suka fara tabbatar da amfanin wannan a Okland ta Niyuzilan a 1972. A 2020 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka yi a asibitocin Bangaladash, Indiya, Kenya, Najeriya da Pakistan. Mutuwar jarirai bakwaini ta kasance kashi 19.6 cikin 100 a rukunin da aka yi wa iyayensu mata allurar deksametason, 23.5 a rukunin da ba a yi wa ba. Allura ce mai araha, kuma tana aiki ne saboda ta san hanyar wuce mabiyiya.

To ina kotizon ɗin da ƙoda ta ƙera yake zuwa? Ba shara ba ne. HSD2 na da ɗan'uwa mai suna HSD1, wanda ke hanta da kitse da ƙwaƙwalwa, kuma aikinsa kishiyar wancan ne: yana mayar wa kotizon haidirojin ɗinsa biyu ya sake zama kotisol. Ƙoda na kashewa, hanta na tayarwa. Wannan ne ma ya bayyana wani tsohon al'amari. Kotizon ɗin da Philip Hench ya fara ba mai ciwon gaɓɓai a Asibitin Mayo a 1948, wanda ya kai shi da Edward Kendall da Tadeus Reichstein ga kyautar Nobel a 1950, shi kansa ba ya aiki. Hantar majinyacin ce ke mayar da shi kotisol. Haka firedinison, sai hanta ta mayar da shi firedinisolon. Kamfanonin magani sun zuba kuɗi wajen neman abin da zai toshe HSD1, bayan an ga a 2001 cewa ɓerayen da aka ƙara wa inzayim ɗin a kitsensu sun yi tumbi, sukarinsu ya lalace. An gwada magunguna da dama a masu ciwon sukari, sauƙin da aka samu bai taka kara ya karya ba.

Bayanin maigadi a zaure ma, duk da kyansa, bai rufe lissafi ba, kuma Funder da kansa ne ya fi kowa nanata haka. Ko da inzayim ɗin ya kashe kashi 90 cikin 100 na kotisol ɗin da ya shiga ƙwayar halitta, abin da ya saura zai ninka aldosteron wajen sau goma. Ke nan makarɓai da yawa a ƙoda na riƙe da kotisol ko a jikin mai lafiya, amma ba sa aiki. Ra'ayinsa shi ne, NAD ɗin da ya karɓi haidirojin ya zama NADH yana taruwa a wurin, kuma shi ne ke hana makarɓin da kotisol ya hau motsi. Idan aka toshe inzayim ɗin, NADH ya ragu, sai makarɓin ya farka. Har yanzu ana muhawara kan wannan. Tambayar na da nauyi saboda zuciya, domin tsokarta na da makarɓin aldosteron amma kusan ba ta da HSD2, wato kotisol ne ke zaune a kansa kullum. A 1999 wani babban gwaji mai suna RALES ya nuna cewa ƙaramin awo na sipironolakton ya rage mutuwar masu tsananin gazawar zuciya da kashi 30 cikin 100, kuma masu ra'ayin Funder na ganin cewa a cikin tsokar zuciyar, kotisol ne maganin ke turewa daga makarɓin ba aldosteron ba.